Attajirar Haya

Duk mutumin da ya san kuɗin sarin abu ya fi ƙarfin a cuce shi har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ba ra'ayi ba ne, ilimi ne, kuma sai da aka biya kuɗin makaranta har zuwa jami'a kafin a gano shi. Wanda ya gano shi yana nan da ransa da lafiyarsa, yana sayar da tabarau a wani shago mai ƙofar gilashi da ke tsakanin kantin magani da wurin ɗaukar hoto. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Kuɗin-Sari yake ce masa, masu gaggawa su ce Sari.

Ba a banza ya sami sunan ba. In matarsa, wadda malamar firamare ce, ta sayo turare, sai ya ɗaga kwalbar a hasken taga kamar likita da hoton ƙirji, ya ce, "Malama, kwalba kika saya. Ruwan ciki kyauta suka ba ki." In yara suka roƙi gugguru a ƙofar silima, sai ya tsugunna ya yi musu bayani cikin tausayi cewa masara ce cikin cokali guda, sauran duk iska ce da gishiri. Balan-balan kuwa, a cewarsa, numfashin wani ƙato ne aka ɗaure aka sayar maka. Ya san kuɗin sarin ruwan roba, da na ƙanƙarar cikin lemo, da na hodar da mai aski yake bulbula maka a ƙeya don ya ƙara farashi. Saboda haka ba a taɓa cutarsa ba, kuma ba a cika gayyatarsa ko'ina ba.

Sana'arsa ce ta buɗe masa ido, don shi ma abin da yake yi ke nan daga safe zuwa yamma. Firam ɗin tabarau, wato ƙarfe ko robar da ake ɗora gilashi a kai, a kwali yake zuwa shagon, an ɗaure shi dozin-dozin da robar ɗaure kuɗi, kowane ɗaya bai wuce kuɗin kwalbar lemo ba. Sari ne yake zama a ɗakin ajiya ya raba musu makoma. Wanda ya jefa a kwandon bakin ƙofa, ninki biyar. Wanda ya goge ya rataya a bango, ninki ashirin. Sai kuma kwaba, wadda shi ya ƙirƙiro ta da kansa: kwabar gilashi mai makulli, an shimfiɗa mata jan karan-miski, da ƙaramin ƙwan fitila a sama. Farashin abin da ke cikinta shi kansa sai ya ja numfashi kafin ya faɗa. Bambancin ɗan kwando da ɗan kwaba kuwa bai wuce inda hannun Sari ya fara sauka a cikin kwali ba.

Aibun kwabar ɗaya ne tak: ba ta ciniki. Mutane su zagaya ta, su leƙa, su ce "Allah Sarki," su koma kwando.

Ran Laraba Mai Shago ya bugo waya daga garin da yake da wasu shagunan.

"Sari, ya akwatin gawar nan taka? Tunda ka girke ta, mutum nawa ta binne?"

"Ranka ya daɗe, kasuwar manya ai sai a hankali."

"Takardar kuɗin wutar da take sha ba a hankali take zuwa ba. Ka ji ni da kyau. Ran Asabar zan wuni a nan in gani da idona. Akwai mai son in ba shi hayar wannan lungun ya riƙa manna wa wayoyi gilashi. In kwabar ba ta motsa ba, za ta fita. Kwando da bango kuwa, ka sani, ba sa bukatar mai digiri. Kashiya mai karɓar kuɗi ma ta ishe su."

Sari ya ajiye waya ya dubi kwabar. Mutum ya haura arba'in, yana da yara uku da haya, a ce mai manna wa waya gilashi ne zai gaje shi? Gilashin da ya san kuɗin sarinsa? Ya zauna ya yi nazari irin na masu ilimi, kafin a tashi aiki ya gano bakin zaren. Ɗan Adam ba ya sayen abu mai tsada don yana da kyau. Yana saye ne don ya ga wani ɗan Adam ya saya bai suma ba. Abin da kwabar ta rasa shi ne mutumin farko. Mutumin farko kuwa, in babu shi a kasuwa, ana iya ɗaukar hayarsa a gida.

Ran Juma'a da yamma ya tara mutanen gida a falo. Ga Malama da jan biro tana duba littattafan ɗalibai. Ga Yaya, wansa, tsohon direba mai tumbi da murya. Ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu da ta raine su, wadda yanzu take zaune a ɗakin baya tana mulkin gidan daga nesa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka sani a shagon, domin Sari ya hana su zuwa tun fil azal, don kada su sayi wani abu.

Ya zaro firam guda shida daga aljihu ya watsa a kan tebur kamar gyaɗa.

"Ku kalle su da kyau. Duk kwali ɗaya ne. Wanda za ku gani gobe a kan karan-miski ƙanin wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina gaya muku ne don kada fitila ta ruɗe ku."

"To mu ina ruwanmu, Auta?" in ji Gwaggo.

"Ruwanku shi ne gobe ku attajirai ne. Doka ta farko, ba ku san ni ba. Babu Auta, babu Baban Yara. Ta biyu, ba a tambayar farashi. Ta uku, ba a neman ragi."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ba ragi? Yaro, ni in na sayi abu ban yi ciniki ba, zazzaɓi nake kwana da shi."

"Ba saye za ki yi ba, Gwaggo. Zaɓa kawai za ki yi, ki ce, 'A naɗe min, direba zai kawo kuɗin.' Shi ke nan. Ba sisin da zai fita. Ran Litinin in kwance in mayar kwaba."

"Wane direban?"

"Babu direba. Shi ya sa ba zai zo ba."

Yaya ya gyara zama. "Ni kada ka koya min komai. Na tuƙa manyan da in suka yi tari banki yake buɗewa. Sirrin duka a tarin yake." Ya yi wani tari mai zurfi daga ƙasan tumbi, har kyanwar gidan ta fice.

Aka yi gwaji. Gwaggo ta ɗauki firam ɗaya ta kafa a fuska, hannayensa suna kallon sama, ta ce da murya mai sanyi, "A naɗe min." Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Malama ta ɗago kai daga littafi.

"Baban Yara, a kife ta sa fa. Tun yaushe nake ce maka a duba mata idon nan? Jiya sai da ta gaida labule."

"Tsufa ne, Malama. Ba ni za a yi wa wayon tabarau ba, ni nake yin sa. Ke dai gobe ke ce 'yarta. Jaka kawai za ki riƙe, ki riƙa kallon agogo."

"Wannan na iya," in ji Malama. "Shekara nawa ina yi."

Asabar ta zo da Mai Shago a cikinta, ɗan siririn mutum mai waya biyu da idon da ba ya ƙiftawa in ana maganar kuɗi. Ya ja kujera ya zauna kusa da Kashiya, 'yar ƙanwarsa, ya harɗe ƙafa. Sari ya sa farar safar hannu, ya rataya makullin kwaba a wuya da sarƙa.

Da hantsi aka ji tari daga waje, ƙofa ta buɗe, Yaya ya shigo cikin kwat ɗin aro da ya ƙi haɗuwa a tumbi. Waya na kunnensa, wayar da Sari ya san babu ko sisin kati a ciki.

"Ka ce musu jiragen su jira a bakin ruwa. Duka biyun. In kyaftin ɗin ya yi gardama ka sallame shi." Ya wuce kwando kamar bai ga halitta ba, ya wuce bango, ya tsaya a gaban kwaba ya nuna ta da leɓe. Sari ya durƙusa ya buɗe, makulli ya yi ɗan ƙara mai daɗi. Yaya ya gwada ɗaya, ya gwada biyu, ya yi tari.

"Ba ku da wanda ya fi wannan tsada?"

Wannan ba ya cikin gwaji. Sari ya ɗauko na gefensa, ya ƙara rabin farashi a kan farashi, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Yauwa. Yanzu ka fara magana. A naɗe min biyu, direba zai kawo kuɗin." Ya fita yana sallamar kyaftin na biyu.

A bakin kwando akwai wani mutum mai rigar ofis da ya daɗe yana tona, ya ware guda yana shirin neman ragi. Ya bi Yaya da kallo, ya dubi abin da ke hannunsa kamar ya tsinci ƙazanta, ya mayar da shi a hankali. Ya matso.

"Malam, mu ma za a iya buɗe mana, ko sai masu jirgi?"

Sari ya buɗe. Mutumin ya gwada, ya dubi madubi ta dama, ya duba ta hagu, ya ce lallai wannan ba ya danne hanci kamar na kwando. Ya zaro katin banki. Kati na gaske, na'ura ta yi ƙara ta gaske, ta tofo rasit. Mai Shago ya sauke ƙafarsa ƙasa.

Daga nan abin ya zama kamar an fasa bututun ruwa. Wata mata da ta shigo gyaran ƙusar tabarau ta ga ana rububi, ta fita da sabo. Wasu samari biyu suka leƙo daga wurin ɗaukar hoto don su ga me ake rabawa, ɗaya ya saya don kada ɗayan ya riga shi, ɗayan ya saya don kada a ce. Mai kantin magani da kansa ya shigo, mutumin da yake sayar da ruwan gishiri a kwalba da sunan maganin mura, wanda ya kamata a ce ya san dawar garin, ya tsaya yana shafa hannun wani firam yana cewa aikin waje daban ne. Sari ya lura da wani abin al'ajabi: in ya faɗi farashi aka yi jim, ba ragewa ake so ya yi ba, ƙarawa ake jira. Sai ya ce, "Af, afuwa, wannan na layin sama ne," ya ɗora. Sai a gyaɗa kai cikin natsuwa.

Kansa ya fara juyawa kamar wanda ya sauko daga lilo. Ya ji bakinsa yana zuba kalmomin da bai san yana da su ba: wannan ƙarfen da shi ake ƙera fukafukin jirgin sama, wannan robar ba ta san zafi ba, wannan guda bakwai aka yi a duniya, maƙerin ya rasu. Da kwabar ta fara yin fili sai ya faki ido ya shiga ɗakin ajiya, ya dumbuzo daga kwali, ya huhhura musu iska ya goge da gefen riga, ya fito da su a kan tire yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Har akwai wani firam mai ruwan zuma da ya ɗaga a gaban fitila ya ji a ransa cewa, gaskiya, wannan kam ya yi kyau. Ya yi maza ya kori tunanin.

Ana cikin haka Gwaggo ta iso. Ta sha mayafin fita unguwa da duk zoben da ke gidan, har da na Malama. Malama na biye da ita da jaka, tana kallon agogo. Gwaggo ta tsaya a tsakiyar shago ta ɗaga hanci.

"Wannan wurin ba shi da kujerar mutane ne?"

Mai Shago ya miƙe tsaye ya ba ta tasa. Ta zauna, ta juya ga dogon madubin bango, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ke ma sayayya?" Ta jira amsa, ba a amsa ba. "Masu kuɗin yanzu ba tarbiyya," in ji ta.

Mai Shago ya yi murmushi irin na wanda ya hango ƙofar da ba a kulle ba. "Hajiya, kafin ki zaɓa, bari Likita ta ɗan duba idon. Kyauta ne ga masu sayen kayan kwaba."

"Kyauta?" Gwaggo ta miƙe tun kafin ya rufe baki. Duk gwajin da aka yi, ba wanda ya tuna ya gaya mata cewa attajirai ba sa tsalle in sun ji kyauta.

"Ranka ya daɗe, ina ga Hajiya tana sauri," in ji Sari daga bayan mutum uku da ke miƙo masa hannu.

"Wa ya tambaye ka, mai safa?" in ji Gwaggo. Ta bi Mai Shago zuwa ɗakin baya, inda likitar ido take zaune da injinanta.

Sari ya ci gaba da ciniki, kunnensa ɗaya na ɗakin baya. Ya sayar da mai ruwan zuma. Ya sayar da wani baƙi da aka yi guda bakwai a duniya, karo na uku. Sai ga salati ya tashi daga ciki, mai ƙarfi, har mai rigar ofis da ya dawo da abokinsa ya zabura.

"La'ilaha illallahu! Ashe haka duniya take?"

Gwaggo ta fito da tabaran gwaji a fuska, wannan mai nauyi na ƙarfe da ake zura wa gilasai, ta yi kama da mujiya mai zobe. Likita na biye da ita tana roƙo ta dawo ba a gama ba. Ina! Gwaggo ta tafi bakin ƙofa.

"Ku zo ku gani! Bishiyar can ganyenta ɗai-ɗai ne! Ni na ɗauka dunƙule suke zuwa yanzu. Ga tsuntsu! Kai, har ƙafarsa!" Ta juyo ta ci karo da madubi, ta tsaya. "Au, ni ce mara tarbiyyar?" Ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, shago duka ya ɗauka. Ta dubi silin ta sanar da Mai Shago cewa akwai yanar gizo-gizo a kusurwa, ya ji kunya. Ta kama haɓar Malama ta juya ta. "Ke, ashe kyakkyawa ce? Duk shekarun nan ina yi miki addu'ar haƙuri da halittarki!"

"Na gode, Mama," in ji Malama, tana danne dariya da jaka.

Sai idonta ya sauka a kan Sari. Ta matso har gaban kanta. Ta daɗe tana kallonsa, dariyar ta ɗan lafa.

"Kai kuma, bawan Allah, yaushe ka tsufa haka? Wa ya zuba maka furfura ban sani ba?" Ta ɗaga hannu kamar za ta shafa kansa, ta tuna, ta mayar da hannun ta gyara mayafi. Mai Shago ya yi dariya ya ce manya akwai barkwanci.

"To, a buɗe min akwatin," in ji Gwaggo.

Sari ya buɗe. Ta sunkuya da sababbin idanunta ta bi layi-layi, ta ɗora yatsa a kan na can sama, mai ɗan zinare-zinare a gefe, wanda tun safe Sari yake ƙara masa farashi duk lokacin da ya wuce ta gabansa, har ya kai kuɗin ƙaramin firji. Ya sunkuyo kamar mai gyara karan-miski, ya yi magana ta gefen baki.

"Gwaggo, kwali ɗaya ne. Na gaya miki jiya."

"Jiya ba na gani. Yau ina gani, kuma wannan daban ne."

"Wallahi akwai irinsa sak a kwando. Zan kawo miki gida."

"Dube ni da kyau. Na yi maka kama da 'yan kwando?"

"Gwaggo, don girman Allah..."

"Hajiya ta zaɓa?" Mai Shago ne a kafaɗarsa. Ya karɓi firam ɗin da hannu biyu. "Ido ba mudu ba, ya san ƙima! Bari Likita ta ƙarasa awon, in kai da kaina a yanka gilashin yanzu, ba sai kin dawo ba."

Duk wanda ya yi aiki a shagon tabarau ya san ƙarar injin yankan gilashi, wani siririn kuka kamar na sauro mai ƙarfe a baki. Ya kuma san ma'anarta. Firam ɗin da aka naɗe ana kwance shi ran Litinin. Wanda aka yanka wa gilashi daidai idon mutum ya zama nasa har kabari. Sari ya tsaya da safarsa yana sauraron kukan, yana yi wa wata mata murmushi, yana gaya mata maƙerin ya rasu.

Mai Shago ya dawo yana goge hannu, ya ja shi gefe. "Ka ga irin waɗannan? Da a ce 'yar'uwar ma'aikaci ce, ka san dokata, kuɗin sari kawai za ta biya, gilashi kuma rabi. Amma irin su Hajiya, ka yi musu ragi ka zage su."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Sari. Ya ji kalmar tana hawowa maƙogwaronsa: gwaggota ce. Kalma ɗaya, firji ya koma kwalbar lemo. Kalma ɗaya kuma, Mai Shago ya tambayi wane ne mai jiragen ruwa, daga nan mai manna gilashi ya zo da teburinsa. Ya haɗiye ta, ta wuce da ƙyar.

Aka kawo tabarau. Gwaggo ta sa, ta yi juyi a gaban madubi, 'yan shago suka tafa mata. Kashiya ta jero mata gidan ajiye shi, da igiyar rataya a wuya, da 'yar kwalbar ruwan gogewa, Gwaggo ta ce duk a haɗa. Sannan ta gyara tsayuwa, ta kawo layinta tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya, abin da ko a gwaji ba ta yi ba.

"A naɗe min, direba zai kawo kuɗin."

"Sai a cire a naɗe, Hajiya," in ji Kashiya. "In ya kawo, sai ya tafi da shi."

Gwaggo ta dafe tabaran da hannu biyu. "A cire? In koma cikin hazo? Yarinya, wannan ko wanka da shi zan yi."

"Ba matsala," in ji Mai Shago. "Direban yana kusa? A kira shi mana."

Gwaggo ta waiga titi, kuma abin takaici, yanzu tana gani har tsallake. "Ga ma direba can!" Ta nuna da yatsa mai zobe uku. A gindin bishiyar nan mai ganye ɗai-ɗai, Yaya ne zaune a kan benci, ya cire kwat ya rataya a reshe, yana shan lemo yana jiran a tashi a ba shi labari.

Mai Shago ya ƙanƙance ido. "Wancan ba shi ne mai jiragen..."

"Ba sai an jira direba ba," in ji Malama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta taka zuwa wurin Kashiya, ta tsaya daidai inda ta tare wa Mai Shago titi, ta buɗe jaka.

Mai Shago ya manta da bishiya nan take. Ya rungumo kafaɗar Sari ya juya shi zuwa ga kwabar da ta kusa zama wayam.

"Sari, na yi maka laifi. Mai manna gilashi ya nemi wani lungun. Kwaba biyu za mu yi. A'a, uku, ɗaya a kowane shago, kai ne manajansu. Amma gaya min, don Allah, mene ne sirrin?"

Sari ya buɗe baki, kuma da yake bakin ya saba, sai ya kama aiki shi kaɗai. Ya yi bayanin halin ɗan Adam, da yadda farashi yake zama ado, da yadda jahilci yake da tsada, ilimi kuma yake kare mai shi. Muryarsa ta yi daɗi, Mai Shago sai gyaɗa kai yake. Shagon tabarau kuwa duk madubi ne, ko'ina ka juya kana ganin bayanka. Ta saman kafaɗar Mai Shago yana hango Malama ta zaro katinta, wanda albashinta ya shiga jiya. Kashiya ta juyo mata da na'ura ta ga adadin. Ta dube shi ɗan lokaci, yadda take duban amsar ɗalibin da ta san ya iya amma ya rubuta shirme. Ba ta nemi ragi ba. Ta kare na'urar da tafin hannu, ta danna lambobinta, ta jira takardar ta gama fitowa, ta ninke ta ƙanana ta sa a jaka.